Karen Hawa na Bakwai

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar da ke tsakar gidajenmu a Cheongju ya sha labarin karnukan Tak Man-gil, ko yana so ko ba ya so. Karnukan soja ne, in ji shi, manya kamar maruƙa, kuma a duk bakin iyaka shi kaɗai suke ji wa magana. Wai akwai wanda in ya ɗaga masa gira ɗaya sai ya kwanta, in ya ɗaga biyun sai ya mirgina. Saje Tak yake so a kira shi, sai ka ce wani abin kirki ne, alhali duk namijin da ya gama aikin sojan dole a ƙasar nan da wannan igiyar yake fitowa, har wanda ya ƙare wa'adinsa yana feren dankali. Matarsa Yeom Sun-ja ta san cikin waɗanne yake, don ta ga hotunan. Hular kuku ce a kansa a kowanne.

Ita ba ƙaryar karnuka ce ta dame ta ba, shirun gida ne. Tun da 'yarsu tilo Dasom ta yi aure ta koma Busan, gidan ya zama kamar wurin jiran likita. Miji yana rumfa yana cika baki, ita tana hawa na bakwai daga ita sai tukunyar shinkafar nan mai magana. Ranar da tukunyar ta ce shinkafa ta nuna, ita kuma ta ji bakinta ya ce mata sannu da aiki, ranar ta kira 'yarta ta ce a nemo mata wani abu mai numfashi.

Dasom ta haɗa ta da Malama Pyo, wata mata da ke tattara karnukan da aka yasar tana riƙonsu har su sami gida. A can Sun-ja ta ga Mandu. Ruwa biyu ne, uwa Maltis uba Pudul, fari, gashi a murɗe, duk jikinsa bai kai kan kabeji ba. A tashar bas aka tsince shi ɗaure, don haka ba ya yarda da kowa. Amma da ta zauna a ƙasa sai ya tako, ya ɗora haɓarsa a ƙafarta, ya yi ajiyar zuciya kamar tsoho. Har ta iso gida tana jin wannan nauyin a ƙafarta.

Sai dai Malama Pyo ba ta raba kare kamar ana rabon ragowar kimchi, jiƙaƙƙen kabejin nan namu mai yaji. Ta ce akwai wasu ma'aurata da ke sonsa, masu gida da fili. Ran Asabar ta sama za ta zo da shi ta ga gidan da idonta, ta ga ko akwai natsuwa, ta ga ko maƙwabta za su ɗauka. In bai yi mata ba, Lahadi ya tafi wurin waɗancan.

Kuskuren Sun-ja ɗaya ne. Ta faɗa wa mijinta.

“Kare?” Ya ajiye sandunan cin abinci. “Kuma kika tafi neman shawara wurin wata mata, ga ni zaune a gidanki?”

“Baban Dasom, abu ɗaya nake roƙo. Kada ka taimaka.”

“Ke ba ki san kare ba. Tun ranar farko yake auna mutum. In ya shigo ya tarar da gida ba tsari, shi ke nan, shi ne maigida.”

“A aljihun rigarka zai shiga fa.”

“Haka duk suke farawa.”

Washegari katako ya iso, da ragar ƙarfe irin ta shingen gona, da wata sakata mai tsalle da ya tono a kasuwar tsofaffin ƙarafa. Ya baje komai a tsakiyar falo ya hau bugu. Ba a jima ba sandar goge ƙasa ta fara amsa masa daga ƙarƙashi. Kaka Eom ce, mai hawa na shida, wadda kunnenta ba ya jin gaisuwa amma yana jin faɗuwar cokali ta cikin siminti. Da bugun ya ƙi tsayawa sai ta hau da kanta.

“Hawa na Bakwai,” haka take kiransa, “akwatin gawarka kake haɗawa? In shi ne in yi haƙuri.”

“Kaka, ɗakin kare ne. Irin na bariki.”

Ta leƙa. “Kare ko saniya?”

“Kare yana son fili. Dubi sakatar nan, da kanta take rufewa. Daga ciki kuwa ko damisa ba za ta buɗe ta ba.”

“Bari hoton mijina ya faɗo daga bango, za ka ga damisa.”

Da aka gama aiki sai ya zo kai kejin zuwa baranda. Ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Ya juya shi gefe, ya kwantar, ya tayar, ya kwashe fatar bango har wajen tagar, ya kuma danne babban yatsansa. Daga nan ya share gumi ya sanar cewa dama can a falo ya yi niyyar barinsa, don masana sun ce kare a tsakiyar iyali ya kamata ya zauna. Tun daga ranar Sun-ja ta koma kallon wasanta na yamma ta cikin raga, kamar mai ziyarar fursuna.

Sai keke. A unguwarmu ƙananan karnuka a keken turawa suke yawo kamar jarirai, kuma wani tsoho a ginin da ke kallonmu yana da shi, to ina Saje zai yarda a fi shi. Ya sayo mafi girma a shagon. Ya ce soja ba ya fita da kayan da bai gwada ba, don haka ya ɗauko kan kabeji daga kicin, ya saka masa 'yar rigar sanyin da Dasom ta aiko wa Mandu, ya kwantar da shi a keken, ya ja murfi. A ƙasan keken ya jera wainar shinkafa mai jan wake, irin wadda ake raba wa maƙwabta in an yi sabon shigowa.

Matan ɗakin hutun tsofaffi na gininmu suna zaune suna shan hantsi suka hango namiji da keken jariri da waina. Nan take suka yanke hukunci cewa Dasom ta sauka. Suka taso da sandunansu suka kewaye shi, wannan na barka, wannan na cewa ashe an yi abin arziki shiru, wata har da ƙwalla. Mutumin kirki zai gyara magana tun a nan. Shi kuwa tun da yake ba a taɓa kewaye shi haka ba, sai ya gyara tsayuwa yana karɓar barka da hannu biyu.

“Barci yake?”

“Ba shi da rigima ko kaɗan. Horo ne.”

Kaka Eom ta matso. Ta sa kan sandarta ta ɗage murfin. Kabeji ya kalle su cikin rigarsa mai ruwan ɗorawa.

Ta daɗe tana dubansa, ta ɗago ta dubi Man-gil. “Kai ya biyo,” in ji ta. “Har kan.”

Kafin rana ta yi tsaka wayar Sun-ja ta yi zafi. Rabi suna tambayar dalilin ɓoye musu jika, rabi suna ba ta shawara a hankali cewa asibitin unguwa yana gwajin mantuwa, kuma ba abin kunya ba ne, a kai shi da wuri.

“Ka tozarta ni a gaban mata,” ta ce masa da ya dawo. “Malama Pyo maƙwabta za ta duba. In suka ce ba su yarda da haushi ba, na rasa shi. Ka ji ko? Na rasa shi.”

Da ta sani da ta haɗiye wannan maganar. Idonsa ya yi haske.

“Haushi? Wannan ai ƙaramin abu ne. Kunne ma horar da shi ake yi.”

Ba ta tambaye shi me yake nufi ba, don ta gaji. Abin da yake nufi kuwa shi ne na'urar waƙarsa, wadda ya saya shekarar da ya ce zai shiga gasar talabijin. Ya samo muryar karnukan soja a wayarsa, da haushi da gurnani da ƙarar sarƙa, ya haɗa da na'urar. Kullum Sun-ja ta fita zuwa wurin iyonta na safe sai ya kunna. Dabararsa ita ce ya fara a hankali yana ƙarawa, yadda in ɗan karen ya zo maƙwabta za su ji muryarsa kamar kukan tsuntsu. Kan ta dawo ya kashe, ya miƙe ƙafa yana karanta jarida.

Ita dai ta ga abubuwa sun sauya. In ta shiga lif sai mutane su tuna sun yi mantuwa su fita. Mai kawo saƙo ya koma ajiye kayansu a ƙasa wurin maigadi. Matar da ke ƙofa da ƙofa da su ta fara ɗaukar jikarta cak in za su wuce. Sun-ja ta ɗauka duk zancen kabeji ne, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da shirinta. Ta shimfiɗa tabarmar roba inda ƙasa ke da santsi, ta ajiye tsohuwar rigar sanyinta a lungun da ɗumin bututun ƙarƙashin daɓe ya fi yawa.

Ran Asabar ta lulluɓe kejin da babban mayafin tebur, ta ɗora tukunyar fure a kai, tana fatan ya wuce a matsayin kabad. Tana juyowa ta ga mijinta ya fito daga ɗaki cikin tsohuwar rigar soja, maɓallai suna neman ceto, hannun hagu naɗe da bargo an ɗaure da igiya.

“Mene ne wannan?”

“Hannun cizo. Da shi ake gwada haƙoran kare.”

“Haƙoransa ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Cire.”

Ƙararrawa ta kaɗa.

Malama Pyo siririya ce mai tabarau, irin matan da ke duba ƙarƙashin kujera kafin su amsa gaisuwa. Ta cire takalmi, ta zauna a ƙasa, ta zuge jakar da ta rungumo. Mandu ya leƙo da hanci, ya shinshina iska, ya tako kai tsaye ya hau cinyar Sun-ja kamar jiya suka rabu. Sun-ja ta shafa kansa. Ta gefen ido ta ga wani abu kuma: Saje Tak ya koma bayan doguwar kujera, kuma ba ta ga lokacin da ya taka ba.

“Maigida ba ya zama?” in ji Malama Pyo.

“Ina nazarinsa ne daga nesa,” ya ce. “Haka ƙa'ida take.”

Malama Pyo ta dubi hannun bargon. Ta duba tabarmar roba ta gyaɗa kai, ta taɓa lungun ɗumin ta gyaɗa kai. Sannan ta ɗaga gefen mayafin tebur.

“Wannan fa?”

“Na ajiyar kabeji ne,” Sun-ja ta yi sauri.

Da ya yi shiru da an wuce wurin. Amma a ce aikin hannunsa na kabeji ne a gaban baƙuwa? “Ɗakin kare ne, Malama. Ni na zana, ni na haɗa. Lokacin da nake bakin iyaka…”

Lasifikar da ke bangon kowane gida a ginin ta yi ɗan kiɗanta, muryar maigadi Bang ta shigo falon a nutse.

“A gafarce mu, sanarwa ce daga ofis. Mazauna sun kawo ƙorafi kan manyan karnuka da ake riƙe da su a hawa na bakwai, masu haushi da jan sarƙa kowace safiya. Yara sun tsorata, wata tsohuwa jininta ya hau. Ana roƙon mai gidan ya ji tausayin jama'a. Za a maimaita.”

Ya kuwa maimaita.

Malama Pyo ta dubi kejin, ta dubi hannun bargon, ta miƙa hannu ta ɗauke Mandu daga cinyar Sun-ja.

“Ba ku ce min kuna da wasu karnuka ba.”

“Ba mu da su, Malama. Na rantse ba mu da ko kyanwa.”

“To duk ginin ne ya yi mafarki ɗaya?”

Ƙararrawa ta sake kaɗawa, ba a jira an amsa ba aka hau bugun ƙofa. Kaka Eom ce a gaba, bayanta matan ɗakin hutu, bayansu maigadi Bang da tsintsiya a hannu, ya riƙe ta kamar mashi. Takalma suka cika bakin ƙofa.

“Mun zo ganin dodannin,” in ji Kaka Eom. “Hawa na Bakwai, fito da su. Uku na ƙirga, ɗaya muryarsa ta dushe.”

Sun-ja ta juya a hankali ta dubi mijinta. Shekarun da suka yi tare sun isa ta gane fuskar nan. Fuskar da ya yi ce ranar da ya gyara injin wanki ruwa ya sauka har hawa na huɗu.

“Baban Dasom. Me ka yi?”

“Horo ne,” ya ce. “Na kunne. Babu kare, murya ce kawai, a na'ura. Don amfaninku na yi, jama'a. Yanzu wa zai ji haushin ɗan wannan ya damu?”

“Na'ura ba ta jan sarƙa,” in ji Kaka Eom.

“Ni ma ban yarda ba,” in ji Malama Pyo. Ta riga ta saka Mandu a jaka tana neman kan zif.

A ƙaryata shi a gaban mata, a kuma ranar da karon farko a rayuwarsa gaskiya yake faɗa? Ya zabura ya danna maɓalli. Ya manta cewa jiya horon ya kai matakin ƙarshe.

Falon ya tsage. Tukunyar fure ta yi tsalle daga kan keji ta tarwatse, tsofaffi suka rungume juna, maigadi Bang ya yar da tsintsiya ya riga kowa kaiwa bakin lif. A cikin wannan tashin hankali wani farin abu ya yi fit daga jaka. Mandu, wanda ba ya yarda da kowa, ya duba ya ga wanda ke tsaye kusa da ƙarar, ya yanke cewa shi ne shugaban karnukan. Ya nufe shi gadan-gadan, yana haushi da wata 'yar murya kamar ana taka abin wasan yara.

“Zauna,” in ji Saje Tak. Muryar ta fito siririya. Ya ɗaga gira ɗaya. Ya ɗaga biyun. “Zauna na ce. Maman Dasom, riƙe shi. Riƙe shi mana!”

Ya miƙa hannun cizon, Mandu ya kewaye ya kama bakin wando. Ya haye kujera, kujera ta zame a santsin ƙasa inda ya ture tabarmar. Ya zagaya keji sau ɗaya da kare a dugadugansa, ya sake zagayawa mayafin tebur ya naɗe masa a ƙafa. Da ya ga ƙofa buɗe a gabansa bai tsaya tambayar ta ina ce ba. Ya rarrafa ya shige ya ja ta.

Sakata ta ce ƙas.

Sun-ja ta taka ta zare wayar na'urar daga bango. Shiru ya sauka. Mandu ya yi wa kejin haushi biyu na sallama, sannan ƙarfin halinsa ya ƙare, ya dawo jikinsa na ɓari ya lafe a ƙafarta. Ta ɗauke shi ta cusa cikin rigar sanyinta, kansa kawai a waje.

Malama Pyo ta gyara tabarau, ta buɗe bakin jaka. “Uwargida, ki yi haƙuri. Karen nan an taɓa yar da shi. Ba zan kai shi gidan da za a gaji da shi a sake yarwa ba.”

Sun-ja ba mai yawan magana ba ce, amma ranar bakinta ya buɗe. Ta nuna keji da haɓa.

“Malama, dubi wancan da kyau. Tun ina da baƙin gashi nake riƙonsa. Yana da haushi, yana ɓarna, ba ya jin kira, bai taɓa koyon komai ba. Tashar bas tana nan bayan gidanmu, kullum ina wucewa ta wurin. Kin ga na ɗaure shi a can?”

Wata daga cikin tsofaffin ta toshe baki da hannu. Malama Pyo ta dubi Man-gil, wanda ke durƙushe a ciki ya rungume gwiwa, maɓalli biyu sun tsinke.

Kaka Eom ta buga sanda a ƙasa. “Ni ce ta ƙarƙashinsu, Malama, ni ce mai ƙorafin. In wannan ɗan mitsitsin ne, ya yi ta haushinsa har gari ya waye. Na babban ne ya ishe ni.”

Malama Pyo ta daɗe tana kallon kan da ya leƙo daga rigar Sun-ja. Idonsa ya fara lumshewa. Ta zuge jakar babu komai a ciki.

“Na'urar nan ta bar gidan yau. Kejin ma a wargaza shi. Kuma maigida kada ya sake ba shi umarni.”

“Na yarda,” in ji Sun-ja.

“Ni ba a tambaye ni ba,” in ji murya daga raga. “To a buɗe ni mana. Ƙafata ta mutu.”

“Ka buɗe da kanka,” in ji Kaka Eom. “Ko damisa ta fi ka ne?”

Daga waje yatsa ɗaya ya isa ya ɗaga sakatar, kowa a falon ya ga haka. Amma baƙi sun hau har hawa na bakwai, ba a sallamarsu baki a bushe. Sun-ja ta dafa shayin sha'ir, ta fere tuffa, aka zauna a ƙasa aka kewaye tire, ana miƙa Mandu daga cinya zuwa cinya. Kaka Eom mace ce mai tausayi. Ta soki yanka ɗaya ta tura masa ta cikin raga, ta ce ya karɓa a hankali kada ya ciji hannunta.

Da la'asar lasifika ta sake kiɗanta, maigadi Bang ya sanar wa dukan ginin cewa an shawo kan matsalar hawa na bakwai, an kuma tsare abin a keji, yara za su iya fita wasa.

Kada ku ɗauka wannan ya rufe masa baki. Yana nan a rumfa har gobe. Yanzu labarin ya koma cewa da gangan ya shiga, don kare ba ya yarda da ɗaki sai ya ga shugabansa ya fara kwana a ciki, kuma a duk gidan shi kaɗai Mandu yake ji wa magana. Yana cikin faɗa sai ka ga Sun-ja ta ɓullo daga ƙofar gini da ɗan farin abinta yana tsalle a gaba. Saje Tak ba ya ko yanke magana. Sai dai ya ɗage ƙafafunsa biyu a hankali ya naɗe su a kan benci, ya ci gaba daga inda ya tsaya.